LAFIYAR GIDA: Ganuwar da Ke Tsaron Ƙwaƙwalwa



A wannan wata za mu yi magana a kan shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki. Da wuya a sami ekklesiyar da ba ta da wani dattijo ko wata uwa da ciwon nan ya kwantar. Mutum ya kwana lafiya, gari ya waye baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Masana sun lissafta cewa cikin mutum 4 da suka wuce shekara 25, ɗaya zai gamu da ciwon kafin ƙarshen ransa. Yawancinmu hannu da ƙafa muke kallo, gama su ne suka mutu a idonmu, alhali kuwa ɓarnar tana can cikin kai, a jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Ɓarnar nan kuwa ba ta gamawa a sa'ar da mutum ya faɗi. Takan ci gaba sa'o'i, har kwanaki, abin da mutanen gida suka yi cikin wannan lokaci kuma yana iya rage ta, yana iya ƙara ta.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, watau wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki. Duk da haka ita kaɗai tana shan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita. Hanta tana ajiyar sukari, tsoka ma tana da nata guzuri, amma ƙwaƙwalwa hannu baka hannu ƙwarya take yi. Abin da jini ya kawo yanzu, shi take ci yanzu. In jini ya tsaya mata ƙaf, cikin sakan 10 mutum zai suma, bayan minti 4 ko 5 kuma ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Domin haka Mahalicci ya shimfiɗa mata hanyoyin jini masu yawan gaske. Manyan jijiyoyi huɗu ne suke hawa ta wuya, su rarrabu, su yi ta rarrabuwa har su zama siraran da idon mutum ba ya gani. Da za a jera siraran nan baki da baki, tsawonsu zai kai wajen kilomita 600, kusan nisan Kano zuwa Maiduguri.

Ganuwa da masu tsaron ƙofa

Cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, falle ɗaya tak, kamar shafen da ake yi wa cikin rumbu. Su ne jini ke gogawa dare da rana. A sauran sassan jiki akwai 'yan kafofi tsakanin ƙwayoyin nan, abubuwa suna shiga suna fita. A ƙwaƙwalwa kuwa an ɗinke su da juna tsam, babu kafa. Sukari yana da ƙofarsa, sauran abinci suna da tasu, guba da ƙwayoyin cuta kuma ana tare su a waje. Likitoci suna kiran wannan shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Mu dai mu ce ganuwa, irin ta birnin Zariya ko Kano a zamanin da, sa'ad da ba mai shiga gari sai ta ƙofa.

An daɗe kafin a gane ta. A shekarar 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobi allurar rini, ya ga gaɓoɓin ciki sun rinu, ƙwaƙwalwa kuwa tana nan fara. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya zuba rinin cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Sai a 1967 ne masana biyu a Amurka, Reese da Karnovsky, suka duba da madubin lantarki mai ƙarfi, suka nuna cewa ganuwar ita ce ƙwayoyin shimfiɗar nan da ɗinkin da ke tsakaninsu.

Ba tsaron ƙofa kaɗai ne aikinsu ba. Suna fitar da wani sinadari, naitirik oksaid, mai sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, suna kuma sa cikin jijiya ya yi santsi domin kada jini ya daskare a kai. Masana uku da suka binciko aikin sinadarin nan sun karɓi lambar Nobel a 1998.

Sa'ad da jini ya tsaya

Shanyewar jiki iri biyu ce. Ko gudan jini ya toshe jijiya, ko jijiya ta fashe jini ya malala cikin kai. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yana cikin shugabanninsa, ya bayyana a 2018 cewa kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Maganarmu ta yau ta fi shafar toshewa.

In jijiya ta toshe, wurin da ke tsakiyar yankinta yakan mutu da wuri. Amma kewaye da shi akwai wani fili mai faɗi da ke samun ɗan jini kaɗan ta ƙananan hanyoyin gefe. Ƙwayoyin wurin sun daina aiki, amma da sauran ransu, kamar shukar da ta yi yaushi ba ta bushe ba tukuna. Wannan fili shi likitoci ke kokawar ceto. Kowace sa'a yana raguwa. Wani likita a Amurka ya lissafta a 2006 cewa in babbar jijiya ce ta toshe, kowane minti ɗaya ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2.

Ƙwayoyin ganuwa sun fi na ƙwaƙwalwa juriya, amma su ma yunwar tana cinsu. Sukan kumbura, ɗinkin da ke tsakaninsu ya fara warwarewa, santsinsu ya tafi. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne, sai su manne a jikin bangon, su zuba sinadaran da ke narkar da shi. Daga nan ganuwa ta soma yoyo. Ruwa da gishiri su tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa, ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa ya ba ta wuri. Kumburin nan yakan yi tsanani tsakanin kwana na 2 da na 5. Shi ya sa mukan ji iyali suna cewa, "Jiya fa yana magana, yau sai barci." Sau da yawa ba sabon ciwo ba ne, kumburin ne ya kai ƙarfinsa.

Sa'ad da jini ya komo

A nan ne abin mamaki yake. Kowa zai zaci da an buɗe jijiya an gama. Masu noman lambu sun san ba haka ba ne. In hanyar ruwa ta daɗe a bushe, bakinta ya tsattsage, ran da aka saki ruwa da ƙarfi sai ya fasa gefe ya kwashe shuka. Haka yake ga jijiyar da ta daɗe ba jini. Oksijin da ya komo cikin ƙwayoyi masu rauni yakan haifi wasu sinadarai masu ƙuna, su ƙara ɓata bangon. In bangon ya riga ya ruɓe, jinin kansa ya ɓalle cikin ƙwaƙwalwa, toshewa ta zama zubar jini. Wani lokaci kuma babbar jijiya ta buɗe amma siraran su ƙi karɓar jini, gama sun kumbura sun matse. An fara nuna wannan cikin zomaye a 1968.

Wannan shi ne dalilin da maganin narkar da gudan jini yake da iyakar lokaci. A 1995 aka tabbatar a Amurka cewa allurar alteplase tana taimako in an yi ta cikin sa'a 3 da fara ciwo, a 2008 kuma binciken Turai ya kai iyakar zuwa sa'a 4 da rabi. A gwajin 1995, mutum 6 cikin 100 da aka yi wa allurar sun sami zubar jini cikin kai, waɗanda ba a yi musu ba kuwa ko 1 cikin 100 bai cika ba. Duk da haka waɗanda suka tashi da ƙafafunsu sun fi yawa a cikin masu allurar. A 2015 kuma aka tabbatar da amfanin aikin zura siririn bututu ta jijiyar cinya a jawo gudan jinin waje, yawanci cikin sa'a 6, ga wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya har sa'a 24. Ayyukan nan biyu suna da tsada, a ƙasarmu kuma asibitoci kaɗan ne ke yinsu. Amma darasinsu ya shafe mu duka: gwargwadon daɗewar ganuwa cikin yunwa, gwargwadon hatsarin komowar jini.

Ina maganin da zai kāre ganuwar?

Masana sun yi shekaru suna nemansa. Wani lissafi da aka buga a 2006 ya ƙidaya magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada domin kāre ƙwaƙwalwa bayan toshewar jini. Da yawa sun yi aiki a jikin ɓeraye, da aka zo kan mutane sai suka kāsa. Dalili ɗaya shi ne, ɓeran gwaji yaro ne mai lafiya, ana ba shi magani nan da nan, mutum kuwa yakan zo da shekara 60, da hawan jini, da ciwon sukari, bayan sa'o'i sun shige. Ƙasar Japan ta yarda da wani magani mai suna edaravone a 2001, mai kashe sinadaran nan masu ƙuna, amma yawancin ƙasashe ba su ɗauke shi a kan wannan ciwo ba. Yanzu hankalin masana ya ƙara komawa kan ƙwayoyin ganuwar kansu, gama sun gane ƙwaƙwalwa ba za ta tsira ba in jijiyoyinta sun lalace. Aikin yana tafiya. Saboda haka duk wanda ya zo muku da kwalba, a kasuwa ko a mota ko ta waya, ya ce tana wanke jijiyar ƙwaƙwalwa ta ta da shanyayye, kuɗinku yake so.

Akwai dai abin da aka tabbatar, ba shi da tsada kuma. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji a ɗakunan jiyya 19 na ƙasar Ostiraliya. An koya wa nas-nas su lura da abu uku cikin kwana 3 na fari: su sauke zazzaɓi, su daidaita sukarin jini, su gwada haɗiya kafin a ba mara lafiya abinci. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka kāsa kula da kansu kashi 42 cikin 100 ne a inda aka bi tsarin, kashi 58 a inda ba a bi ba. Zafin jiki da yawan sukari duka suna ƙara wa ganuwa yoyo. Wannan aiki kuwa asibitin gari ma yana iya yinsa.

Abin yi a sa'ar da ciwon ya faɗo

Alamu uku ne manya, kuma farat ɗaya suke zuwa. Ku ce mutumin ya yi murmushi, ku ga ko gefe ɗaya na fuska ya zube. Ku ce ya ɗaga hannu biyu, ku ga ko ɗaya yana saukowa. Ku ce ya faɗi sunansa da na garinsu, ku ji ko harshe ya yi nauyi ko maganar ta rikice. Ko ɗaya kuka gani, ya isa. Wani kuma ido ne zai dushe, ko jiri ya kwashe shi, ko kai ya sara masa irin saran da bai taɓa ji ba.

1. Ku dubi agogo, ku riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya. Tambayar fari ke nan da likita zai yi.

2. Ku nemi mota nan take. In akwai asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kusa, can za ku nufa, gama hoton ne kaɗai ke rarrabe toshewa da fashewa. In babu, ku je mafi kusa. A can za a auna sukarinsa, domin faɗuwar sukari tana kwaikwayon shanyewar jiki, ita kuwa ana gyara ta cikin mintoci.

3. Kada ku ba shi kome ta baki, ko ruwa, ko kunu, ko man zaitun, ko jiƙo. Wajen rabin masu ciwon nan haɗiyarsu takan lalace a kwanakin fari. Abin da aka ɗura sai ya bi hanyar huhu, ya zama ciwon haƙarƙari da zazzaɓi, zazzaɓin kuma ya ƙara ɓata ƙwaƙwalwa.

4. Kada ku ba shi asfirin kafin a ɗauki hoto. In jijiya ce ta fashe, asfirin yana iya ƙara zubar jinin.

5. Kada ku ƙara masa maganin hawan jini da kanku. Filin nan mai yaushi da ƙarfin bugun jini yake samun ɗan abin da yake rayuwa a kai. In an sauke jinin farat ɗaya, sai ya bushe. Likita ne ya san yadda za a sauke shi, da lokacin da ya dace.

6. Ku kwantar da shi ta gefe, ku sassauta masa riga. Tsaga, da ƙaho, da tausa, da huda yatsu da allura kamar yadda wani saƙo mai yawo a waya yake faɗi, ba su buɗe jijiya, lokaci kawai suke ci.

In alamun sun zo suka wuce cikin 'yan mintoci, kada a ce an warke. Gargaɗi ne, babban yana iya biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu. A je asibiti ran nan.

Gyaran ganuwa tun ba a kawo hari ba

Ganuwar da aka bari damina tana ci shekara da shekaru, ita ce ke faɗuwa da wuri. Binciken Nijeriya da Gana da muka ambata ya nuna hawan jini yana da hannu cikin wajen 9 daga kowace shanyewa 10. Jini mai ƙarfi yana dukan shimfiɗar jijiya dare da rana, mutum bai ji kome ba, gama hawan jini yawanci ba ya ciwo. Duk wanda ya kai shekara 30 ya riƙa aunawa. In awon yana tsayawa a 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita. Wanda aka sa wa magani kuma kada ya bari don ya ji sauƙi, ko don wani ya ce ya sami warkarwa. In Allah ya warkar, awo zai shaida, likita ne kuma zai rage maganin.

Iyaye mata, tukunya tana hannunku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da burodi. Binciken nan ya sami ƙarin hatsari ga masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da masu ƙarancin cin ganye. Zogale, da rama, da alayyafo, da yakuwa suna nan a bayan gida. Taba tana ƙona shimfiɗar jijiya, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba yana cinta, yawan giya da burkutu suna ta da jini. Wanda aikinsa na zama ne ya riƙa tafiyar ƙasa minti 30 a yini.

Kada mu manta da yara masu sikila. Jajayen ƙwayoyin jininsu sukan lanƙwashe kamar lauje, su manne a shimfiɗar jijiya su kurje ta, har jijiyar ta ƙuntace. In ba a yi rigakafi ba, wajen 11 cikin 100 sukan sami shanyewar jiki kafin su kai shekara 20. Akwai awon gudun jini da ake yi da na'ura a gefen kai, ba ya ciwo, ana so a yi wa yaro sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Wanda aka ga yana cikin hatsari ana iya sa masa maganin haidroksiyuriya. An gwada wannan a kan yara 220 a asibitocin Kano da Kaduna, aka buga sakamakon a 2022, yanzu kuma yana cikin abin da likitocin sikila ke dogara a kai. Iyaye su tambaya a asibitin da ake duba ɗansu.

Addu'a da ƙafa

Mun sani in ciwon nan ya faɗo farat ɗaya, zuciya takan tafi ga jifa, ko iska, ko maƙiyi. Wasu gidajen sukan rufe ƙofa su kwana suna addu'a, sai bayan kwana biyu a nemi mota. Addu'a wajibi ce ga mai bi, ba mai hana ta. Amma ana yinta a cikin mota, ana yinta a bakin ɗakin likita. Mu tuna da mutanen nan huɗu cikin Markus sura 2, da suka ɗauko shanyayye zuwa wurin Yesu a Kafarnahum. Taro ya tare ƙofa, ba su koma gida su jira gobe ba, suka hau bisa suka buɗe rufin ɗaki. Bangaskiyarsu a kafaɗunsu aka gan ta. Zargin maƙwabci ko surukuwa kuwa ba ya buɗe jijiya, sai dai ya ƙara wa gida wani ciwo a kan na fari.

Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya su zauna a kan abu uku kafin watan nan ya ƙare. A sayi na'urar awon jini guda ɗaya, a danƙa ta ga wani ma'aikacin lafiya cikin 'yan'uwa, a riƙa awo bayan sujada sau ɗaya a wata. A rubuta sunayen masu mota da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, a ba kowane gida lambarsu. A kuma ware wani abu cikin baiko domin kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, kada neman rance ya cinye sa'o'in da ba su komowa. Zumuntar Mata kuma ta karanta alamun nan uku a taronta, har kowace uwa ta iya su da ka, ta koya wa 'ya'yanta, gama sau da yawa yaro ne kaɗai ke gida sa'ad da kaka ta faɗi.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jiyyarsu. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.